RANAR DA NA FAƊI A HANYAR SHINKAFI

(Jawabin da Fasto ya gabatar a taron dattawan ikilisiyoyi, Zumuntar Mata da shugabannin matasa a Ƙaura Namoda)

Sannunku da zuwa, musamman ku da kuka taso daga Zurmi da Shinkafi, gama dukanmu mun san abin da kama hanya yake nufi a wannan zamani. Allah ya mai da ku gida lafiya.

An roƙe ni in yi magana a kan kiyaye lafiya a lokacin bazara. Ni ba likita ba ne, makarantar tauhidi na yi. Amma na karɓi wannan aiki saboda dalili ɗaya. Matasanmu sun kawo shawara a gaban dattawa cewa suna so su yi tafiyar keke domin tara kuɗin taimakon gwauraye da marayu, kuma da ake muhawara sai wani ya ce, "Ai Fasto ma ya taɓa yi." Gaskiya ne na taɓa yi. Sai dai rabin labarin kuka sani, wato rabin da yake ba ni girma. Yau zan faɗa muku ragowar, ko da yake akwai kunya a ciki.

YADDA TAFIYAR TA SOMA

A shekarar 2006 ne, shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, aka kuma yi kusufin rana a ranar 29 ga Maris. Ina da shekara 37, jini yana tafasa. A unguwar da majami'armu take ana fama da ƙarancin ruwa, matanmu da matan maƙwabta suna tashi tun asuba su bi layi, wani lokaci har rana ta take. Muka ce bari mu haƙa rijiya wadda kowa zai ɗiba, Kirista da Musulmi. Baikon Lahadi ba zai iya ba. Sai wani ɗalibi daga cikin 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura ya ce a wasu ƙasashe mutane sukan hau keke su yi doguwar tafiya, masu hali su yi alkawarin ba da kuɗi idan an kai ƙarshe. Shawarar ta shige ni ƙwarai. Muka zaga wurin 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa ya rubuta abin da zai bayar, har wasu Alhazai maƙwabtanmu suka sa hannu.

Tsarin kwana uku ne a makon da ya biyo bayan Ista. Ranar Talata daga Ƙaura zuwa Zurmi. Laraba daga Zurmi mu ratsa ta ƙauyuka mu kwana Moriki. Alhamis daga Moriki mu shiga Shinkafi ranar kasuwa, 'yan'uwa na can su tarye mu. Mu goma sha ɗaya ne, ni ne babba. Muna da babur ɗaya mai ɗauke da jarkoki biyu na ruwa da kayan faci, da wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya wadda take bin mu a bayan babur ɗin. A wancan lokaci abin da matafiyi yake tsoro a hanyoyin nan bai wuce ƙaya da ramuka ba.

Wani zai ce ai ƙasarmu ba hamada ba ce. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa ratsa dajin arewacin Zamfara da tsakar rana a watan Afrilu ya san bakin hamada muke. Gonaki sun zama fili, gulbi ya koma rairayi, iska tana busowa kamar daga bakin tanda, zafi kuma yakan haura digiri 40.

ABIN DA NA ƁOYE

Ranar farko lafiya lau. Muka shiga Zurmi muna waƙa, aka karɓe mu da abinci. Da dare sai cikina ya murɗa. Kafin gari ya waye na fita bayan gida sau biyar. Ga shi ni ne na tsaya a gaban ikilisiya na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai mun kai Shinkafi. Na ce a raina, idan yaran nan suka ji Fasto yana zawo, ina zan sa fuskata? Sai na lallaɓa da sassafe na sayi ƙwayar tsai da zawo, na haɗiye, ban gaya wa kowa ba.

Sa'an nan na yi wauta ta biyu wadda ta fi ta farko. Na rage shan ruwa da gangan, wai don kada in riƙa sauka ina shiga daji a gaban yara. Ku duba fa: mutumin da ya fito neman ruwa domin jama'a, shi ne ya hana kansa ruwa.

Ranar Laraba ƙafafuna suka fara ɗaurewa, kaina yana sara. Da muka tsaya hutu ma'aikaciyar jinyar nan ta dube ni ta ce, "Fasto, idanunka sun faɗa. Lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya ƙalau, 'yata, gajiya ce kawai." Ta ce, "Yaushe rabonka da fitsari?" Na yi dariya na ce wannan ba tambayar da ake yi wa fasto ba ce. Kowa ya yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Gaskiyar magana, tun safe sau ɗaya na yi, ɗan kaɗan, ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba.

Ranar Alhamis mun shirya tashi da ƙarfe shida, amma tayoyi uku suka yi faci, aka tsaya gaishe-gaishe, ni kuma na ja addu'a da gargaɗi. Sai wajen ƙarfe tara muka hau. Da rana ta take, abin mamaki, sai na fara jin sanyi, tsigar jikina tana tashi. Na ce a raina, to, ga sauƙi ya zo. Ashe ƙararrawar ƙarshe ce jiki yake kaɗawa. Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. An ce na fara tuƙi ina karkata kamar mashayi, ina kiran wani yaro da sunan ƙanena wanda ya rasu tun muna yara, ina yi masa faɗa wai ya bar awaki sun shiga gona. Daga nan na kife a gefen hanya, ni da keken.

WAƊANDA SUKA CECE NI

Wurin babu gari, sai wasu 'yan gidaje can nesa da hanya. Waya babu sabis. Ruwan jarkokinmu saura kaɗan, shi ma ya yi zafi kamar na wanka. Yaran suka ɗauke ni zuwa gindin wani gawo. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. A duk filin nan shi kaɗai ne mai inuwa.

Wani dattijo ya fito daga gidajen nan da sandarsa. Bai tambayi ko mu su wane ne ba, ko da yake rigunanmu suna ɗauke da gicciye. Ya taɓa goshina ya ce, "Rana ce ta buge shi. Ku kwance masa riga." Ya ƙwala wa iyalinsa kira. Matan suka fito da tuluna biyu na ruwan da yaransu suka ɗebo a kan jaki tun da safe daga wuri mai nisa, ruwan shansu da girkinsu na ranar ke nan. Dattijon ya ce a juye mini. Ma'aikaciyar jinyar ta jiƙa zani ta lulluɓe ni, ta sa yara huɗu suna yi mini fifita da faifai, ana zuba ruwa a kai da wuya da hammata. Wani daga cikinmu ya so ya ɗura mini ruwa a baki, ta hana, ta ce wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa zai sarƙe shi. Da na farfaɗo na iya haɗiya, sai ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba ni kaɗan-kaɗan.

Dattijon ya fita bakin hanya da kansa ya tsai da wata akori-kura mai zuwa kasuwar Shinkafi, ya ce wa direban, "Baƙona ne, ka kai shi asibiti." Direban bai karɓi ko kwabo ba. Haka na shiga Shinkafi a kwance a kan buhuna, ni da na yi alkawarin shiga a kan keke ana tafi. Na kwana uku a asibiti ana yi mini ƙarin ruwa. Likita ya ce da an yi jinkirin sanyaya jikina, da ƙoda ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, ko kuwa a ɗauko gawa.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini ciwo har yau. A gadon da ke kusa da nawa an kwantar da wani yaronmu ɗan shekara 17. Ashe shi ma tun Laraba yake jin jiri da amai. Da na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, sai ya ce, "Baba, na ga kai ba ka tsaya ba, shi ya sa na ji kunya." 'Yan'uwa, da yaron nan ya mutu, me zan gaya wa uwarsa? Ɓoyon da shugaba ya yi, na baya ne yake biyan kuɗinsa. Ban da haka, wani kashi na kuɗin rijiya ya tafi a magani da mota, sai da dattawa suka sake yin karo-karo. Rijiyar da muka so a gama kafin damina ba ta samu ba sai da rani ya sake zagayowa. Girman kai rawanin tsiya, na ɗaura shi na ga yadda yake.

ABIN DA ZAFI YAKE YI WA JIKI

Bayan na warke na zauna da ma'aikatan lafiya suka koya mini abin da ya kamata in sani tun farko. Bari in faɗa muku a taƙaice.

Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne. Idan mutum yana aiki a rana, jiki yana sanyaya kansa ta hanyar gumi, kuma mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda. Gumin nan ruwa ne da gishiri. A ƙasarmu iskar bazara busasshiya ce, tana shanye gumi nan take, sai mutum ya ga rigarsa a bushe ya ɗauka ba ya asarar kome. Idan kuma zawo ko amai ya haɗu da wannan, tulu ne ya huje ta wuri biyu.

Ciwon yana da mataki biyu. Na farko galabaita: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyi, bugun zuciya da sauri, fitsari kaɗan mai duhu. A nan mutum yana cikin hankalinsa, kuma inuwa da hutu da ruwan gishiri da sukari sukan isa. Na biyu bugun zafi, lokacin da zafin jiki ya haura digiri 40 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alamarsa ita ce canjin hali: sambatu, faɗa babu dalili, tangaɗi, jijjiga kamar farfaɗiya, ko suma. Fata tana iya bushewa, tana kuma iya kasancewa da gumi, saboda haka kada ku tsaya jiran gumi ya ɗauke kafin ku ce abin ya yi tsanani. Wannan mataki yana kisa cikin ɗan lokaci.

Ƙarfi ba ya hana shi. A ranar 13 ga Yuli 1967 wani shahararren ɗan tseren keke na Ingila, Tom Simpson, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a babban tseren keke na ƙasar Faransa, yana da shekara 29. Ana tsananin zafi, ya yi kwanaki cikinsa yana damunsa, aka kuma sami ƙwayar ƙara kuzari da barasa a jikinsa. Ina faɗin wannan domin matasanmu masu acaɓa da aikin gini da lodi, waɗanda ake ruɗi da tiramadol da makamantansa wai suna kashe gajiya. Ƙwayar ba ta cire gajiyar, bakin ɗan saƙo kawai take toshewa. Gajiya da ƙishi da jiri 'yan saƙo ne Allah ya sa a jikinmu.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi. A farkon Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka mutu a Bamako, galibi tsofaffi. A aikin Hajjin shekarar 2024 mutane fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu saboda zafi, muka yi wa maƙwabtanmu ta'aziyya. Bazarar yau ta wuce wadda iyayenmu suka sani.

ABIN DA ZA A YI IDAN WANI YA FAƊI

Ina roƙon kowane dattijo da kowace shugabar Zumunta su riƙe waɗannan:

1. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi. Jama'a su ja baya iska ta same shi. Mu mun iya taruwa a kan mara lafiya.

2. A sanyaya shi nan take, tun kafin a nemi mota. A jiƙa jikinsa duka da ruwa mafi sanyi da ake da shi, a yi ta fifita. Idan akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi. A ci gaba da yin haka a cikin mota har a isa asibiti.

3. Idan yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan ba ya cikin hankalinsa kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi ta gefe ɗaya.

4. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Magungunan ciwon jiki masu ƙarfi kuma suna iya cutar da ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Kada a yi ta ɗura masa ƙwayoyi.

5. Duk wanda ya yi sambatu ko ya suma, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya kama da wannan. Sanƙarau ma lokacinsa ke nan, kuma ba mu manta da annobar da ta faro a yankin Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu a 2017 ba. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne. Mu yi addu'a muna tafiya, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Haɗin ruwan gishiri da sukari kuwa, wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi da ake samu a asibiti da kemis, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. Kada ku rena shi don arharsa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a cikin durom ana ba majinyata, mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4 cikin ɗari. Abin da ya taimaki dubbai a can shi ne aka ba ni a gindin gawo.

AMSATA GA MATASA

'Ya'yana, niyyarku mai kyau ce, Allah ya sa albarka. Amma ba zan goyi bayan ku hau hanyar Zurmi ko ta Shinkafi da keke ba. Hanyoyin da muka bi muna waƙa a 2006, 'yan bindiga sun mai da su wurin tare mutane da sace su. Wanda ya faɗi a can yau, ba lalle ne a sami mai fitowa da tulu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan dattawa sun yarda, ku yi zagayenku a cikin gari, da sanin hukuma. Ku zaɓi Disamba ko Janairu lokacin sanyi. Ku tashi da sassafe ku sauka kafin ƙarfe goma. Ku yi mako biyu kuna gwaji kaɗan-kaɗan domin jiki ya saba. Ku sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ku, ku ci abinci, gama ruwa zalla babu gishiri ba ya mai da abin da gumi ya kwashe. Mai zawo ko zazzaɓi ya zauna a gida. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita tukuna. Ku haɗa kanku biyu-biyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Mafi muhimmanci, ku naɗa mutum ɗaya mai ilimin lafiya, ku ba shi iko ya sauke kowa daga keke, ko fasto ne ko dattijo, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. Da na ba 'yar'uwar nan wannan iko, da ban kai ga faɗuwa ba.

SAURAN MU FA?

Kada waɗanda ba sa hawan keke su ce ba ruwansu. Yawancin manyan tarukanmu a bazara suke faɗowa: Makon Ista, taron Zumuntar Mata, jana'iza da tsakar rana. Mukan cika majami'a mai rufin kwano, tagogi ƙanana, babu wuta, tsofaffi da masu ciki da jarirai a ciki, mai wa'azi kuma ya ƙi sauka. Sau nawa wata uwa ta sulale a tsakiyar sujada muka ce aikin Shaiɗan ne? Ina ba da shawara kowace ikilisiya ta ajiye randa mai ruwan sanyi a ƙofa, da ƙunshin gishiri da sukari a akwatin ma'aji. Daga Maris zuwa Mayu a matso da sujada zuwa safe. Mu fastoci mu taƙaita. Idan an sa azumi da addu'a, a faɗa daga bagade cewa marasa lafiya da masu ciki da masu shayarwa da tsofaffi su sha ruwa, ba su yi zunubi ba. Ku tuna da annabi Iliya a cikin 1 Sarakuna sura 19. Da ya galabaita a jeji, kafin a yi masa wata magana sai da aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya ci gaba da tafiya. Wanda ya yi jikin ya san iyakarsa.

Mu shugabanni kuma mu koyi furta cewa, "Ba ni da lafiya." Dattawa, ina magana da ku ina magana da kaina. Da yawa daga cikinmu muna ɓoye hawan jini da ciwon sukari kamar abin kunya, muna tsoron a ce bangaskiyarmu ta raunana. Yaranmu suna kallo. Idan sun ga muna faɗin gaskiya a kan jikinmu, su ma za su faɗa tun abin bai yi nisa ba.

BASHIN DA KE KAINA

Wata biyu bayan na warke, na koma gidajen nan da goro da kwalin sukari in yi godiya. Dattijon ya karɓi goron, ya ce in kai wa matan sukarin, su ne suka kwana da ƙishi. Na ce, "Baba, ba ka san ni ba, ka ba ni ruwan iyalinka." Ya ce, "Malam, ai ƙishi bai san kowa ba." Muka yi shekaru muna gaisawa duk lokacin da na bi hanyar. Ya riga mu gidan gaskiya. 'Yan gidajen nan kuma yanzu kango ne, rashin tsaro ya tashe su, 'ya'yansa da jikokinsa sun watsu cikin garuruwa kamar dubban mutanen ƙauyukanmu.

Saboda haka duk ranar da na ga mata da yara sun shigo Ƙaura a ƙafa da ƙunshin kaya a ka, leɓunansu sun bushe, nakan ce watakila jikokin mai tulun nan ne. Ina roƙonku, a Ƙaura ko Zurmi ko Shinkafi, wanda ya tsaya a ƙofarku da irin wannan hali, ku fara da inuwa da ruwa, tambaya ta biyo baya. Ku dubi idanun yaran, ku tambayi uwar ko suna zawo, ku haɗa musu abin da na koya muku yau, ku nuna musu hanyar asibiti. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ba mu da azurfa da yawa, amma kowane gida yana da randa. Rijiyar nan tamu ma tana nan, kowa yana ɗiba.

Ita kuwa 'yar'uwar da na yi wa ƙarya a hanyar Moriki, na roƙi gafararta tun a asibiti. Yau na sake roƙo a gaban jama'a, domin a gaban jama'a na mai da tambayarta abin dariya.

Bayan an sha ruwa, ma'aikatan lafiyarmu za su nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ina so kowace ikilisiya ta turo mutum biyu gaba su gwada da hannunsu. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba ƙasarmu salama, ya kai mu damina lafiya. Amin.